Kwanon da Na Ƙi Sa wa Albarka

Ƙarfe biyu da minti goma na rana, ranar Laraba, muka isa teburin. Na duba agogo, shi ya sa na sani. Mu uku ne: ni, da taubashina direba wanda ya ɗauko ni daga Kankia, da ɗan autana wanda a wurin yake aiki. Gidan abinci ne na mutanen ƙasar Biyetnam, a Abuja. Mu biyu muka zauna. Autan yana tsaye da farin ƙyalle ɗaure a ƙugu, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir.

Kafin in faɗi abin da ya faru sai na koma baya kaɗan, don ni tela ne, kuma a sana'armu awo ake fara yi, sannan yanka, sannan ɗinki.

Gidanmu Kusada, shagona kuma Kankia, kusa da tasha. Karatuna allo ne da aji bakwai na firamare. Fiye da shekara talatin ina fita bayan sallar asuba, in dawo kafin magariba, da can a keke, daga baya a babur. 'Ya'yana biyar. Huɗu sun bi layin da na ja musu. Autan ne ya fito bahago. Na sha buge masa hannu a bakin kwano har ya koyi ci da dama, amma sauran aiki duk da hagu yake yi. Da na kai shi shago, almakashi ya ƙi cin yadi a hannunsa, sai dai ya tauna. Wata shida ya yi yana ɓata mini ƙyalle. Idan kuwa muka koma gida, sai in tarar da shi a bakin murhu yana gaya wa uwarsa miyarta ta yi ƙarancin daddawa. Abin ba ya yi mini daɗi, kuma ban ɓoye masa ba.

Daga shagona ya koma wurin wani mai shayi a tashar Kankia, daga nan wurin mai gashin nama. A can ya samu tabon ƙuna a wuyan hannun hagu, mai faɗin kwabo. Da ya kai shekara ashirin da biyu ya roƙe ni izinin tafiya Abuja. Na ce ya tafi. Da aka tambaye ni aikin da yake yi can, sai in ce yana wani kamfani. Ban taɓa tambayarsa sunan wurin ba, shi ma bai faɗa ba.

Shekara huɗu bayan tafiyarsa idona ya fara yin yana. Zare ya daina shiga allura sai na kira wani. Yaron ne ya aiko cewa ya samo mini likitan ido, in zo. Taubashina ɗan ƙanwar mahaifina ne, kuma yana jigilar fasinja a hanyar, ya ce shi zai kai makahonsa. Tun muna yara ba ma haɗuwa ba tare da tsiya ba. Uwar yara ta ɗaura mana ƙullin kuka da daddawa a kai wa ɗanta. Zoɓon da take shukawa a gefen gonarmu kuwa, duk shekara tana aika masa, wannan na sani.

Ranar Laraba da safe muka ga likita. Ya ɗiga mini magani a ido, ya ce zan yi sa'o'i ina gani dishi-dishi, kada in tsorata, aikin idon kuma sai bayan wata uku. Daga asibiti yaron ya ce mu biya wurin aikinsa mu ci abinci. Ya ce ya yi kwana biyu yana shiri.

To, yanzu na dawo kan teburin.

Wurin yana da sanyi da tsabta, ba zan yi masa ƙarya ba. Fitilu na takarda ne masu launi, suna rataye. Abin da ya fara tsaya mini a rai wari ne, irin na hatsin da aka jiƙa ya tsira ya yi tsami. Can bayan wani gilashi na hango manyan tukwanen ƙarfe masu ƙyalli, kowace ta fi ni tsawo. Gabansu ga doguwar kanta da famfuna a jere, sama kuma baƙin allo cike da rubutun alli. A teburin da ke kusa da mu wasu mutum biyu an kawo musu ƙananan kofuna huɗu a kan katako: ɗaya ruwan zuma, ɗaya ja, ɗaya baƙi, ɗaya kamar kunu, kowane da kumfa a kai. Suna ɗaga kofi, su sansana, su kurɓa, su gyaɗa wa juna kai kamar masu tayin goro. Na yi ta tara abin a raina.

Yaron ya shiga ciki ya fito da manyan kwanuka biyu suna tururi. Romo ne garai-garai, kana ganin gindin kwano. A ciki farar taliya ce siririya, da yankan nama kamar takarda, da albasa. Ya ajiye wani faranti na ɗanyen ganye a gefe, na gane ɗoɗɗoya da na'a-na'a, ga lemun tsami da barkono. Kusa da kowane kwano cokali ɗaya da tsinke biyu dogaye.

Taubashina ya ɗaga tsinken ya ce, “Tela, ga sana'arka ta biyo ka har cikin miya. Ga zare, ga allura har biyu. Bari in ga yadda makaho zai zura.”

Na ce, “Kai dai ci, bawan gidanmu. Ai ba a saba gayyatarka wurin da ake zama kan kujera ba.”

“Ni? Ni da na ci abinci a Kwatano? Kai ban da ƙosan tasha mi ka sani?”

Ya kama taliyar da tsinke, ta zame ta faɗa romo, ta fantsama masa a gemu. Yaron ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, “Kawu, ajiye ka ɗauki cokali, ba wanda zai kai ƙararka.” Sannan ya juyo gare ni, ya rage murya.

“Baba, ƙashin sa ne. Ni na je mahauta da kaina, gabana aka yanka. Tukunyar ma sabuwa ce, ba a taɓa dafa komi cikinta ba. Tun jiya da la'asar take bisa wuta, ina kwashe kumfar. Sai a matsa lemu, a tsinka ganyen a ciki.”

Ana cikin haka mai gidan abincin ta fito. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, da furfura. Ta haɗa hannu ta rusuna ta ce, “Sannu, Baba.” Iyakar Hausarta ke nan. Ta yi wata magana da Turanci tana nuna yaron. Ya sunkuyar da kai ya ƙi fassarawa. Taubashina ne ya ce, “Cewa ta yi duk kicin ɗin ba wanda hannunsa ya san gishiri kamar ɗanka.” Na ɗaga mata hannu kawai. Ko “madalla” ban ce ba. Hankalina yana kan tukwanen ƙarfe.

Ta koma. Yaron ya sake shiga ciki ya fito da dogayen kofuna biyu na gilashi, sun yi raɓa don sanyi. Abin cikinsu ja ne, da farar kumfa a kai. Ya ajiye ɗaya a gabana. Na dubi nawa, na dubi jan kofin da ke teburin maƙwabtanmu. A idona na ranar, abu ɗaya ne.

Tambaya uku na yi masa, a jere.

“Mi ke cikin tukwanen can?”

Murmushinsa ya ɗauke. Ya ce, “Giya ce, Baba.”

“Nan ake yin ta?”

“Nan ake yi. Ita mutane suka fi sanin wurin da ita. Amma ni kicin nike, ba ni zuba ta, ba ni kai ta, wallahi ban taɓa…”

“Wannan da ka aje gabana fa?”

Ya buɗe baki zai amsa. Ban jira ba. Ni da ban taɓa sa almakashi a yadin mutum ba sai na auna sau biyu, ranar ban tsaya jin amsar tambayar da na yi da bakina ba. Na ture kofin da bayan hannu har ya zuba a teburi, na miƙe. Na ce shekara huɗu ashe gidan giya yake, kuma bai ji kunyar kawo ubansa ya zaunar da shi cikin mashaya ba. Ban ɗaga murya sosai ba.

Taubashina ya kama mini hannun riga. “Kai Tela, zauna mana. Bari yaro ya yi magana.”

Na fizge. Yaron ya ɗauki kwanon da hannu biyu, duk da zafinsa, ya matso da shi gabana. Ya ce, “Baba, na ji. Ko ba ka sha komi ba, romon nan dai ka sa albarka. Cokali ɗaya.”

Kowa ya san abin da yake nufi. Ko a ƙoshe kake, ko kana sauri, idan na ƙasa da kai ya kawo maka abinci sai ka ɗanɗana ka ce Allah ya yi albarka, ka wuce. Ko wanda ba ka so ana yi wa wannan. Ni kuwa ga abin da na ce, kuma zan rubuta shi yadda ya fito, ba zan gyara ba:

“Albarkata ba ta hawa kan abin da ya fito daga hannunka.”

A raina kwanon nake nufi. Amma ba kwano na ambata ba, hannu na ambata.

Ya ajiye kwanon a hankali. Ya mayar da hannunsa na hagu bayansa, yadda yake yi yana ƙarami idan na shigo ana cin abinci. Ya ce, “To, Baba.” Na fita. Ƙarfe biyu da minti ashirin da takwas na shiga mota na zauna.

Taubashina ya daɗe bai fito ba. Da ya zo yana riƙe da wani abu a leda, ya sa a bayan mota, ya tayar. Muka kwana Zariya gidan wani ɗan'uwa, washegari muka kamo hanyar Funtuwa. Tun daga Abuja bai tsokane ni ba ko sau ɗaya. Mutumin da ko a wurin gaisuwar mutuwa sai ya raɗa mini tsiya. Sai da muka iso mararrabar Yashe ya faka a gefen titi, ya kashe mota.

Ya ce, “Na sha kofina, na sha abin da ya rage a naka.”

Na ce, “Allah ya shirye ka.”

“Amin, mu duka. Zoɓo ne, Tela. Zoɓon gonarka. Da citta da kanumfari. Wata na'ura suke da ita mai hura masa iska ya yi kumfa kamar lemun kwalba. Ya ce so yake ka sha zoɓon Inna yadda ba ka taɓa sha ba.”

Duk da haka ban sauko ba. Na ce, “Ko zoɓo ne, ai gidan giya ne.”

“Gidan giya ne, ban musa ba. Ni dai na gaya maka abin da ke cikin kofi.” Ya tayar da mota. Muka nufi Kusada.

A gida ban ba da labari ba. Na ce likita ya ce a dawo bayan wata uku. Na ga taubashina ya shiga wurin uwar yara da ledarsa, sun daɗe suna magana, ban tambaya ba.

Ranar Juma'a da safe ta kawo mini ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka. Shekara kusan arba'in ina cin miyarta, na san ta kamar yadda na san keken ɗinkina. Wannan daban ce. Tana da wani zurfi, da ƙamshi mai hawa kai a hankali, gishirin kuma daidai, ba ƙari ba ragi. Na cinye na nemi ƙari, abin da ba na yi da safe. Na suɗe kwano, na wanke hannu, na ce, “Kai, madalla. Allah ya yi wa hannun da ya yi wannan albarka.”

Ta ce, “Amin.” Ta ɗauki kwanon. Sai da ta kai bakin ƙofa ta juyo. “Ni kuka kawai na kaɗa, Malam. Romon nashi ne. Ya daskarar da kasona tun kafin ku je, ya ba Kawunsu ya kawo mini. Da shekaranjiya ka faɗi haka, da ya ji da kunnensa.”

Bayan sallar Juma'a na tsaya wurin maƙwabcina, malamin Islamiyya, wanda ya koya wa yaron karatu. Na kwashe komai na gaya masa. Na yi zaton zai ce na kyauta. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Zancen wurin aiki, kana da gaskiya. Ni ma da ya shawarce ni cewa zan yi ya nemi wani wuri. Wannan magana ce ta zama, a yi nasiha, a taya shi nema. Amma kai ba wurin ka cire wa albarka ba. Kira shi yau, kafin rana ta faɗi.”

Ban kira ba. A tsarina ɗa ne ke fara kiran uba. Na ce zai kira ya ba da haƙuri kan ɓoye mini da ya yi, sannan ni in yi masa bayanin abin da nake nufi, sannan a wuce wurin. Haka na jera abin a raina, ɗaya, biyu, uku. Mako ya wuce. Uwarsa ta kira shi ta gaya masa zancen miyar kuka da addu'ar da na yi. Na ji ta daga zaure. Da ta gama na tambaye ta abin da ya ce. Ta ce cewa ya yi, “Inna, ai bai san hannuna ba ne ya faɗa.”

Gaskiya ya faɗa. Duk da haka na ci gaba da jira. Sai ranar kwana arba'in na ɗauki waya a shago, bayan na sallami kowa, na sa aka nemo mini lambarsa. Aka ce a kashe take. Washegari ma haka. Har yau haka.

Da taubashina ya koma Abuja na roƙe shi ya biya. Ya dawo ya same ni a shago, ya zauna kan benci, ya cire hula. Ya ce yaron kwana tara kawai ya ƙara a wurin ya ajiye aiki. Tsohuwar ta yi ta roƙonsa, ya ce mata ubansa bai yarda da wurin ba, don haka ba zai zauna ba. An ce ya bi wani mai girki zuwa Legas. Wato abin da nake so ya yi, ya yi shi tun ina zaune ina jiran ya fara kira. Ya bar gidan giyar. Abin da bai yi ba shi ne dawowa gida, don a saninsa wanda uba ya janye wa albarka ba ya shiga zaure.

An yi mini aikin ido a Katsina. Yanzu ina zura zare da kaina, ina bambance ja da ja daga nesa.

Shekara uku ke nan. Yakan kira uwarsa jefi-jefi da wayar mutane, yau wannan lamba, gobe waccan. Yakan tambaya, “Baba lafiya?” Idan ta ce ga shi nan kusa, bari in ba shi, sai ya ce ana kiransa a wurin aiki. Sau biyu na bi lambar, masu wayar suka ce wani ne ya ara a tasha. Kowace ƙaramar Sallah wani direba yakan ajiye ƙulli a tashar Kankia: atamfa ta uwarsa, da farar shadda yadi biyar tawa, ba takarda, ba saƙo. Shadda uku suna cikin akwati a shagona. Na ɗinka wa rabin garin nan kayan Sallah, amma waɗannan na kasa sa musu almakashi. Uwarsa ba ta taɓa yi mini gori ba. Tana dai tsinke zoɓonta duk kaka, ta shanya, ta ɗaure a buhu, ta ajiye a rumbu. Ba ta sayarwa.

Har gobe ban ce gidan giya wurin aikin ɗan Musulmi ba ne. A nan ban sauya ba. Abin da ke hana ni sukuni shi ne cokali ɗaya aka roƙe ni, a kwanon da babu komai cikinsa sai ƙashin sa da ruwa da kwana biyu na wahalar ɗana, na ƙi. Taubashina ya koma tsokanata kamar da, amma bai ƙara ce mini makaho ba. Na fi son ya ce.

Kai mai karanta wannan, ga roƙona. Idan kana Legas, ko wani gari, ka shiga wurin cin abinci aka kawo maka romo garai-garai wanda gishirinsa ya zauna daidai, don Allah ka leƙa kicin. Ka duba ko akwai dogon mutum baƙi, ɗan kimanin shekara talatin, mai riƙe wuƙa da hagu, da tabon ƙuna a wuyan hannun, mai Hausar Katsina. Idan ka same shi kada ka yi masa wa'azi. Ka ce tela na Kusada ne ya aiko ka. Ka gaya masa abu uku, a jere: na farko, na san zoɓo ne. Na biyu, wannan karon na san hannun wa nake nufi, kuma na ce Allah ya yi wa hannun nan albarka, na hagun. Na uku, ya zo gida ya ɗora tukunya. Ina shago daga ƙarfe bakwai na safe zuwa biyar da rabi, bayan nan ina zaure.